Kunne ɗaya ya daina ji: wace na'ura ce za ta taimaki ƙwaƙwalwa?

Wanda kunnensa ɗaya ya mutu yakan sha jin "ai ɗayan yana nan". Ɗayan yana nan, amma ƙwaƙwalwa da kunne biyu take aiki. A gindinta akwai tarin jijiyoyi da ke kwatanta sautin da ya shigo ta dama da na hagu, suna auna tazarar lokaci da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da wannan ne mutum ke gane ta ina mota ta taho, da shi yake tsamo muryar mai magana a cikin hayaniya. Kunne ɗaya na yin shiru, kwatancen ya tsaya. Sai kai ya zama katanga: maganar da ta fito ta ɓangaren da ya mutu tana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) kafin ta zagayo, siraran sautuka irin su "s" da "f" kuwa sukan ragu da 15 zuwa 20. Ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin da hasashe, shi ya sa mutum yake yini a gajiye. In shekaru suka ja, sashen ji yana karkata ga kunne mai lafiya, hanyar ɗayan tana rauni, sau da yawa kuma kukan kunne ya biyo baya.

To, tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce: na'urar nan tana tayar da jijiyar kunnen da ya mutu, ko zagaye ta kawai take yi?

Na'urar da ake kira CROS zagayewa take yi. Makirfo a kunnen da ya mutu, sauti ya tafi kunne mai ji ba waya. Babu tiyata, tana rage matsalar katangar kai, iyakarta ke nan. Na'urorin ƙashi irin su Baha, Ponto da Bonebridge ma zagayewa suke yi, sai dai su da tiyata ake sa su, kuma ta ƙashin kai suke tura sautin. Duka biyun ba sa dawo da sanin inda sauti ya fito, ba sa kuma kashe kukan kunne. Kada a yarda a yi tiyatar ta ƙashi sai an gwada ta a kan maɗaurin kai na 'yan makonni.

Dashen kokiliya shi ne zaɓin da ya fi, in mutum ya cancanta. Kokiliya ita ce sashen cikin kunne mai siffar dodon koɗi. Likita yana zura siririyar waya a cikinta mai ɗauke da maɓallan lantarki, 12 a na kamfanin MED-EL, 22 a na kamfanin Cochlear, su riƙa taɓa jijiyar kai tsaye. Wannan na'ura kaɗai ce ke mayar wa ƙwaƙwalwa saƙo daga ɓangaren da ya yi shiru, kuma ga mutane da yawa kukan kunne yana lafawa muddin na'urar tana aiki. Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da magunguna da kayan asibiti, ta amince da ita ga masu kurumtar kunne ɗaya a 2019, daga shekara 5 zuwa sama, ga wanda kurumtarsa ba ta wuce shekara 10 ba. Wannan iyaka tana nuna cewa jinkiri yana rage amfanin dashen. Ana kunna na'urar mako 2 zuwa 4 bayan tiyata, kuma da farko sautin kamar na rediyo mai shaƙewa yake. Nan ne da yawa ke karaya su ajiye ta, don kunne mai lafiya yana danne ta. Maganinsa a sa ta duk lokacin da ake farke, a kuma riƙa tura magana daga wayar salula zuwa na'urar kai tsaye kullum, yadda sabon kunnen zai yi aiki shi kaɗai, na watanni. Kafin komai sai an yi hoton MRI, mai nuna cikin kai: in jijiyar ba ta nan, kamar yadda ake samu a yara da yawa da aka haifa da matsalar, ko ƙari ya lalata ta, dashen ba zai yi aiki ba, a nan CROS ke da amfani.

Sai 'yan damfara. Intanet cike take da ƙananan na'urorin ƙara sauti da ake tallatawa a matsayin maganin kurumta. Kunnen da ya mutu, ko nawa aka ƙara masa sauti ba zai gane magana ba. Abin tsoron shi ne mai saye ya gaji ya mayar da ita kunne mai lafiya, alhali da yawansu ba su da abin da ke taƙaita ƙara, kuma sautin da ya wuce desibel 85 na awanni yana kashe ƙwayoyin ji da ba sa sake tsirowa. Kunne ɗaya ya rage masa, shi kuma ake caca da shi! Haka man ɗigawa, ƙwayoyin "farfaɗo da jijiya" da kyandir ɗin kunne, babu wanda ke kaiwa kokiliya. Duk mai sayarwar da bai nemi takardar gwajin ji ba, bai gwada fahimtar magana a cikin hayaniya ba, bai ba da wa'adin mayarwa a rubuce ba, a bar masa kayansa. A duba lambar na'ura a wurin kamfanin da ya ƙera ta, don ana sake wa tsofaffi kwali a sayar a matsayin sababbi.

Wanda kuwa jinsa ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana 3, ba na'ura yake buƙata yanzu ba. Ya ga likitan kunne a ranar, domin maganin siteroyid ya fi aiki a cikin mako 2 na farko.