Ƙarfen Coflex a ƙashin bayana: abin da ya gyara da abin da ya bari

Ciwon da ya kai ni ga tiyata ya fi cin ƙafafuna, ba bayan ba. Da na ɗan taka sai cinyoyi su ɗau zafi, ƙafar hagu ta yi nauyi kamar ba tawa ba. In na zauna ko na sunkuya sai ya lafa. Hoton MRI ya nuna faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar (L4 da L5) ya zaizaye, hanyar jijiyoyi kuma ta tsuke tana matse su. An yi ta magani da gashin ƙashi da allurar baya, sauƙin ba ya daɗewa.

Likita ya ajiye mini hanya biyu. Ko dai a ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi su haɗe su zama ɗaya, ko kuma a buɗe wa jijiyoyin hanya a sa ƙarfe mai lanƙwasa da ake kira Coflex. Matsalar ta farko, in ji shi, gaɓar da aka kafe ta daina motsi har abada, sai na sama da na ƙasa su ɗauki aikinta, wani lokaci su ma su gaji da wuri. Na zaɓi ta biyu.

Ya miƙo mini samfurin ƙarfen na riƙe. Ɗan ƙarfen titaniyum ne mai siffar harafin U, da fukafukai da ke kama tsinin ƙashi sama da ƙasa. Yana ɗan matsewa in mutum ya miƙe, ya koma yadda yake. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2012, ga gaɓa ɗaya ko biyu.

Alhamdulillahi, ƙafafu sun dawo. Ina tafiya ba tare da ina waige-waigen wurin zama ba, kuma ina sunkuyawa in ɗaura takalmina. Sai dai a gaskiya ban san rabon ƙarfen a wannan sauƙi ba, domin babban aikin shi ne kankare ƙashin da ke matse jijiya. Ƙarfen tallafi ne. Ƙugu kuwa har yanzu yana sagewa da safe, faifan da ya zaizaye bai dawo sabo ba, kuma dama likita bai yi mini wannan alkawari ba.

Inda asibitin ya gaza shi ne bayan sallama. Babu wanda ya nuna mini yadda zan tashi daga gado, sai mai gashin ƙashi ne daga baya ya koya mini in mirgina gefe tukuna.

Ba kowa ake sa wa ƙarfen ba. Mai raunin ƙashi sosai, ko wanda ƙashin bayansa ya goce da yawa, ba nasa ba ne. Kafin ka sa hannu, ka nemi a yi maka gwajin ƙarfin ƙashi da hoton baya a sunkuye da a miƙe.