Buhunan zanzaron murzuna: ƙwaron na aiki, sai dai a kula da mai kawowa

Duk manomin hatsi a Adar ya san murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi, ya san layin nan da take zagayawa da shi a jikin zangarniya kamar murɗin igiya, ƙwaya tana zubewa tun ba ta nuna ba. A damanar bana ƙungiyarmu ta manoma da ke gefen Tawa ta sayi buhunan zanzaron da ake kira Habrobracon hebetor, mai kashe murzuna, kashi biyu, duk daga hannun mutum ɗaya. Kashin farko ya ba mu mamaki sosai.

Buhun ɗan mitsitsi ne na algarara, santimita 7 a kan 10. Ƙa'idarsa giram 50 na hatsi, giram 30 na garin hatsi, tsutsar Corcyra guda 25 irin mai cin hatsi a ajiya, da macen zanzaro biyu waɗanda namiji ya riga ya hau. Tsarin ya fito ne daga aikin masu binciken INRAN (cibiyar binciken noma ta Nijar) na Maraɗi da ICRISAT (cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa) na Sadore, kuma tun 2006 ake gwada sakin ƙwaron a Nijar da Mali da Burkina Faso. Shi kansa bai wuce milimita 3 ba, ba ya harbin mutum ko dabba. Macen tana harbin tsutsa ta shanye mata jiki, ta yi ƙwai a kanta, 'ya'yan su tsotse ta har ta bushe. Cikin zafin damana, kwana 8 zuwa 12 sun isa sabon zanzaro ya fito ta ƙofofin algarara ya bazama gonaki neman murzuna.

An rataye kashin farko daidai lokacin da hatsi ya fidda kai ya fara bununi. A wuraren da rumbunan kara suke, cikin rufin rumbu ake ratayewa don ƙwaron ya bi ta tsakanin karan. Namu rumbunan na ƙasa ne, ba mafita, shi ya sa muka yanke bidon muka huda gefensa, muka sa buhun ciki, muka ɗaure a reshen gawo da aduwa, muka shafa wa igiyar baƙin mai saboda kiyashi. Bayan 'yan makonni, in ka buɗe layin murzuna sai ka tarar da tsutsa ta yi laushi ta yi baƙi, ga fararen kwasfa ƙanana manne kusa da ita. Dattawan da suka yi ta dariyar buhun da bai cika tafin hannu ba, su ne suka riƙa kawo zangarniya suna nunawa. Da a nan maganar ta tsaya, da cewa zan yi kowa ya saya ido rufe.

Kashi na biyu ne ya ɓata komai. Ya zo a makare, hatsin ƙauyukan da aka yi wa odar ya riga ya yi ƙwaya, kuma an ɗoro kwalin a saman mota cikin rana, an lulluɓe da leda. Mun ware buhu ɗaya cikin kwalba mai haske, aka ɗaure bakinta da ƙyalle don a ga abin da zai fito. Abin da ya fito malam-buɗe-littafin Corcyra ne, da jajayen ƙwarin gari, da 'yan zanzaro ƙalilan waɗanda kusan duk maza ne. Ganewa ba wuya: mace tana da ɗan tsinken ƙwai a ƙarshen jikinta, namiji ba shi da shi. Macen da ba a hau ba maza kaɗai take haifa, namiji kuwa bai taɓa kashe tsutsa ko ɗaya ba. Wato ko dai an zuba matan cikin gaggawa ba a bar su da maza ba, ko zafi ya kashe su a hanya kafin su gama ƙwai. Da aka yi wa mai kayan magana sai ya ce, "Alhaji, ai haka abin yake, wani buhu ya yi wani bai yi ba." Ba haka yake ba. Buhu mai lafiya zanzaro 50 zuwa 70 ya kamata ya bayar.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne waɗanda suka ajiye nasu cikin rumbu kusa da sauran hatsin bara. Tsutsar da zanzaro bai kashe ba ta rikiɗe ta shiga damman. Mutum ya biya kuɗinsa ya sayo wa rumbunsa ɓarna.

Ko da kaya masu kyau, akwai abin da masu tallar ba sa faɗi. Zanzaron manyan tsutsa yake so, don haka ɓarnar farko sai an yi ta. Rabin ribar sai baɗi, domin murzuna zubi ɗaya take yi a shekara: ta ci kusan wata guda a zangarniya, ta sauka ƙasa ta kwanta duk rani, ta taso bayan ruwa ya zauna. Wadda aka kashe bana ba za ta yi ƙwai baɗi ba. Shi kuma zanzaron rani yana karya shi don ba ya samun tsutsar da zai hayayyafa a kai, dole a sake saye kowace damana. Sannan ba aikin gona ɗaya ba ne. Buhu 15 ake lissafa wa ƙauye, ƙwaron yana yaɗuwa kilomita 3 ko fiye, maƙwabcin da bai ba da ko dala ba shi ma ya amfana, in kuma ya fesa maganin ƙwari ya kashe maka shi.

Za mu sake saye, amma ba daga wannan hannun ba, kuma da sharaɗi. A rubuta ranar haɗawa a jikin kowane buhu, ya iso cikin kwana biyu ko uku, tafiyar asuba, cikin kwali mai huda a ƙarƙashin kujera. A kwance buhu ɗaya a gaban mai kawowa: in tsutsotsin suna yawo da ƙarfinsu, ya koma da kayansa. Odar kuma a ba da ita tun hatsi na ciki, cikon kuɗi sai kwalba ta nuna mata sun fito.