A3 da A4: wa da ƙani a layin dogon Ingila

A3 da A4 samfura biyu ne na injinan jirgin ƙasa. Injiniya ɗaya ne ya zana su, Nigel Gresley, kuma a garin Doncaster aka ƙera yawancinsu. Kwal suke ci, tururi ke tura su.

A3 ne babba. Asalinsa samfurin A1 ne na 1922, daga baya aka ƙara wa tukunyarsa ta tafasa ruwa ƙarfi. Fitaccen cikinsu, Flying Scotsman, ya fito a 1923, ya yi gudun mil 100 a awa a 1934. Ƙirarsa a fili take: ga bututun hayaƙi a tsaye, ga doguwar tukunya.

A4 kuwa, da ya zo a 1935, lulluɓe shi aka yi da ƙarfe, goshinsa a zube don ya riƙa tsaga iska. An kuma gyara hanyoyin tururin cikinsa, abin da ido ba ya gani amma a nan ƙarfin yake. Guda 35 aka yi. Ranar 3 ga Yuli, 1938, ɗaya daga cikinsu mai suna Mallard ya kai mil 126 a awa a wani gangaren layin dogo da ake kira Stoke. Har yau babu injin tururin da ya kamo shi, ko da yake sai da wani sashe nasa ya yi zafi ya lalace a ranar.

Ni dai A3 ya fi burge ni, kyansa ba rufa-rufa. Sai dai shida suka rage cikin A4, A3 kuwa Flying Scotsman kaɗai ya tsira.