Ƙarfen kare kusurwar bayan mota: wanda nake ba da shawara a sa, da ha'incin da ke cikin kasuwarsa

Duk mai tuƙa Hilux ko Land Cruiser a ƙauyukan Daura ya san bayan mota ya fi gabanta shan wuya. Gaba idonka na kai, kana kaucewa. Baya kuwa sai dai ka ji ƙara. Ka gangara kwari a hanyar gona ta wajen Baure ko Sandamu bayan ruwan Agusta ya zaizaye ƙasa, tayoyin gaba sun haye, na baya na cikin rami, kusurwar bamba ce ke fara dukan gaɓa. Haka in kana ribas tsakanin kututture, ko ka shiga cunkoson kasuwar Mai'adua inda amalanken shanu ke wucewa dab da kai. Motar da bayanta ya yi tsawo daga taya zuwa bamba, irin Hilux, ita ta fi fuskantar wannan. A wannan kusurwa kuma danja da sigina suke, ga gefen bodi wanda in ya lotse, ko gwanin fanbita da wuya ya maido shi yadda kamfani ya yi.

Abin da za a nuna maka a kasuwa bai wuce kala huɗu zuwa biyar ba, kuma yawancinsu ba sa buƙatar dogon bayani. Murfin roba da ake mannawa a kusurwa na motar cikin gari ne, ƙarzanewar fenti kawai yake tarewa. Siririn bututu mai ƙyalli da samari ke so ado ne. Alminiyam yana da nasa alheri, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne kuma ba ya jan tsatsa, amma ranar da ya tsage a Zango, mai waldar bakin hanya ba zai iya ɗinke shi da injinsa na lantarki ba, sai an nemi mai waldar agon. Na waje kuwa, irin na kamfanin ARB na Ostareliya da ke wannan sana'a tun 1975, aikinsu ba shi da makusa, sai dai kuɗinsa da dala ake lissafawa, kuma jabunsa ya yi yawa. Zan dawo kan wannan.

Ni zaɓina falle ne na baƙin ƙarfe, wanda aka lanƙwasa ya rungumi kusurwar, ya zagayo ta gefe har kusa da bakin taya, sannan aka ɗaure shi a shasi, wato ƙaƙƙarfan ƙarfen ƙasa da bodin mota ke zaune a kai. Shasi, ba bodi ba. Wannan ita ce maganar gaba ɗaya. Bodin mota falle ne siriri, kaurinsa bai fi milimita 1 ba. In ka ɗaure ƙarfe mai ƙarfi a jikinsa, ranar da aka yi karo ƙarfen ba zai lanƙwashe ba, bodin zai tura ciki, ya fasa fitila, ya murɗe bakin ƙofar baya, ɓarnar ta fi ta wanda bai sa komai ba. Shasi kuwa shi ke ɗauke da inji da sifirin da kaya, shi ya dace duka ya sauka a kansa.

Kauri: fallen da ke fuskantar waje milimita 3 ya isa, hannuwan da ke kama shasi kuwa kada su gaza 5 ko 6. Wasu na ganin ƙara kauri ƙara tsaro ne, su sa a yi musu da milimita 8 ko'ina. Nauyin da ka rataya a can ƙarshen baya yana danne sifirin, yana cin shoka, yana kuma rage buhunan geron da za ka ɗauko. Mai walda da ya san aiki lanƙwasa yake amfani da ita wajen ba falle ƙarfi, ya ƙara 'yar kusurwar tallafi daga ciki. A bar tazarar yatsa ɗaya zuwa biyu tsakanin ƙarfen da bodi, domin a kan gargada shasi yana murɗawa, akwatin baya yana motsi dabam. In sun manne, kafin damina ta fita sun cinye fenti, tsatsa ta shiga. Ƙasan ƙarfen kuma a karkata shi sama, yadda in ya taɓa gaɓa zai zame maimakon ya tono ƙasa kamar garma. Ƙarfen da ya sauko ƙasa da bambar kamfani ya ƙara maka matsala ne, don wurin da kake wucewa lafiya a da yanzu za ka maƙale.

Da noti za a ɗaure shi, a ramukan da kamfani ya riga ya huda a shasi. Kada ka yarda a yi walda kai tsaye a jikin shasi: zafi yana raunana ƙarfen wurin, kuma ba za ka iya cirewa a gyara ba. In dole sai an kunna injin walda a jikin motar, a cire kan batir tukuna saboda kwamfutar inji. Sannan kafin ka biya, a sauke ƙofar baya a gabanka, a sauko da safaya daga ƙasa, a duba bakin salansa bai toshe ba, lamba da fitilu suna bayyane. Abin da ya rufe lamba rigima ce da jami'an kiyaye haɗurra a kan titin Katsina zuwa Daura, kuma gaskiya na gare su.

To ga inda raina ke ɓaci. An taɓa haɗa mini irin wannan ƙarfe, fenti baƙi sumul, ɗinkin walda kamar na kamfani. Dukan farko a wani kwari, hannun ya ɓalle. Da aka kankare fenti sai ga shi ɗige-ɗigen walda aka yi nan da can, aka cike tsakani da fila, irin wadda 'yan fanbita ke cike lotsawar bodi da ita, aka goge, aka fesa fenti. Tun daga ranar ba na karɓar aikin da ban gani tsirara ba. Ka ce wa mai aikin, “Malam, kafin ka fesa komai ka kira ni.” Wanda ya yarda da hannunsa murna zai yi. Wanda ya fara cewa ai fenti ya riga ya hau, ka ɗauki maganaɗisu ka bi layin ɗinkin da shi. Inda fila ta yi kauri, kamunsa zai yi rauni.

Ha'inci na biyu a kauri yake. A ce maka milimita 3, alhali an naɗe bakin falle ne ya yi kamar mai kauri. Auna a tsakiya ko a bakin ramin noti, ba a gefe ba, kuma ma'aunin kauri ba shi da tsada, yawancin makanikai na da shi. Bututu ya fi sauƙin ɓoye wannan, tunda an toshe bakinsa. Ƙwanƙwasa shi da sifana, siriri ƙararsa ta gwangwani ce.

Na uku, noti. Kan ƙusar kirki akwai lamba a rubuce, 8.8 ko 10.9. Wadda kanta ba komai, ko aka rubuta 4.8, ta ƙofar gida ce, ba ta mota ba. Na sha ganin ƙarfe mai kyau an ɗaure shi da irin waɗannan don a rage 'yan kuɗi kaɗan, su ne kuma ke fara tsinkewa. Ka sayo naka da hannunka, da washa mai kauri, ka tsaya a sa.

Sai masu sitika. A Ƙofar Ruwa ta Kano da sauran manyan kasuwannin kayan mota akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, amma kaya na shigowa ta hannu da dama, kuma manna sunan babban kamfani a jikin ƙarfe aikin minti ɗaya ne. Gangariya yana zuwa da lambar kaya, da takardar yadda ake ɗaurawa, da jakar notinsa, kuma an ƙera shi ne don mota takamaimai. Hilux ɗin da ta fito a 2005 da wadda ta gaje ta a 2015 shasinsu ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya ce maka nasa yana shiga kowace mota, in an ɗan yanka nan an huda can, ba na kamfanin da ya ambata ba ne. Na Beljiyam ma a duba shi da kyau, don wani daga motar da ta yi haɗari aka ciro, aka miƙe da wuta. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a ɗaura igiyar janyo mota a wannan ƙarfe, ko da mai walda ya liƙa masa zobe. In zoben ya ɓalle igiya na miƙe, tashi yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A ja daga wurin da aka tanada a shasi.

Bayan an gama, a shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje kafin baƙin, a huda ƙananan ramuka biyu a ƙasa don ruwa da laka su riƙa fita. Bayan fitarka daji ta farko ka koma a sake ɗaure notin duka, sannan a riƙa duba su duk lokacin juyen mai.