Ansible, Puppet ko rubutun bash: wanne ya dace da tsare sabar a Damagaram?

Aikin tsare sabar Linux sananne ne: a hana root, asusun da ke da cikakken iko, shiga ta SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, a soke kalmar sirri a koma maɓallin SSH, a saita ufw, katangar tsaron sabar, ya bar ƙofofin da ake bukata kaɗai, a sa fail2ban ya kori masu gwada sa'a a ƙofa ta 22, wato ƙofar SSH, a kunna unattended-upgrades don gyaran tsaro ya riƙa sauka da kansa. Idan sabar ɗaya ce, hannu ya isa. Da zarar sun kai uku, sai ka tarar an manta wani abu a ɗaya, shi ya sa ake neman kayan aiki irin su Ansible da Puppet su yi aikin da kansu.

Ni ma'aunina guda ne: me zai faru idan rezo ya yanke ana tsakiyar aiki? Mu da muka san yadda ake ɗauke wuta lokacin bazara dole mu fara da wannan tambayar. Wani ma'aikaci ya taɓa kawo mana rubutun bash, wato jerin umarni da Linux ke bi ɗaya bayan ɗaya, ya rufe kalmar sirri, layi ya katse kafin maɓalli ya shiga, muka tsaya a waje kamar mai gida da aka kulle masa zaure. Tun daga nan ba na yarda da bash a wannan aikin.

Ansible nake so, kuma ba na ɓoyewa. Michael DeHaan ya fito da shi a 2012, Red Hat ta saye shi a 2015, kuma har yau kyauta ne. Ba a girka komai na musamman a kan sabar. SSH da Python sun wadatar, kana tuƙa shi daga kwamfutarka. A fayil ɗin YAML, wani tsarin rubutu mai sauƙin karantawa, kana rubuta yanayin da kake son sabar ta kasance, shi kuma ya duba ya gyara abin da ya saɓa kawai. In layi ya yanke, sai ka sake kunnawa, ya tsallake abin da ya gama. Da --check zai nuna maka abin da zai canza tun bai taɓa komai ba, kuma kana iya sa shi ya gwada sabon tsarin SSH da sshd -t kafin ya maye tsohon. Sirrikanka kuma Ansible Vault ya rufe su. Wanda ba ya son farawa daga tushe ya nemi tarin devsec.hardening a Ansible Galaxy, rumbun da ake ɗora shirye-shiryen Ansible, amma ya karanta shi tukuna, don yana matsewa sosai.

Puppet, wanda ya fito tun 2005, yana son wakili, wato ƙaramar manhajarsa, a kowace na'ura da sabar ta daban mai ba da umarni. Na masu ɗaruruwan na'urori ne. Chef, wani kayan aiki irinsu, sai ka koyi harshen Ruby. Salt yana da sauri, amma ba sauri ke damunmu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa da layi ɗaya su ce ka manna, curl ya sauko da rubutu ya miƙa wa bash da ikon root, wai komai ya tsaru. Ɗan'uwa, kada ka kunna abin da ba ka karanta ba. Wasu ma sayar maka za su yi da abin da yake kyauta, su ce ya cika ƙa'idojin CIS, cibiyar da ke fitar da ma'aunan tsaro, ba tare da wata shaida ba. A Galaxy kowa na iya ɗora nasa, don haka ka duba wanda ya wallafa da ranar gyaran ƙarshe. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye a manhajar matse fayiloli ta XZ Utils 5.6.0 da 5.6.1, wadda aka dasa don a shiga ta SSH. In an iya yi wa sanannen kaya haka, ina ga rubutun da aka turo maka ta WhatsApp?

Idan ka ɗauki wani ya yi maka aikin, ka ce ya bar maka fayilolin YAML ɗin, ka auna sabar da Lynis, manhajar binciken tsaro, kafin ya fara da bayan ya gama. Ranar da ya tafi, ka buɗe authorized_keys (jerin maɓallan da aka yarda su shiga) da sudoers (masu ikon root) da crontab (ayyukan da ke tashi da kansu) da kanka, ka goge duk maɓallin da ba naka ba.