Canon EF 100mm f/2.8L Macro: yadda yake aiki a kan malam-buɗe-littafi da furannin daji

Tun 2009 Canon ya fitar da wannan lens (gilashin da ake ɗaura wa kyamara), kuma har yau yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai shiga gandun daji lokacin zafi don ɗaukar furanni da ƙwari. Nauyinsa giram 625, ana iya yini da shi a hannu. Ba ya tsawo idan ana saita shi, don haka bakinsa ba ya tunkuɗo fure ko ya razana ƙwaro. Mai kyamarar Canon ta zamani marar madubi sai ya haɗa da adaftar EF-EOS R.

Yana iya matsowa har santimita 30, inda abu ke fitowa daidai girmansa na zahiri. Sai dai ana auna wannan tazara ne daga cikin kyamara. Daga bakin lens zuwa fure bai wuce kusan santimita 14 ba, hularsa ta ET-73 mai kare haske, da ake sa wa a bakinsa, kuma tana cinye rabin wannan, har ta jefa inuwa. A kan fure babu damuwa, a cire hular kawai. Malam-buɗe-littafi kuwa da rana tsaka ba ya yarda a zo masa kusa haka, kuma nan ne raunin lens ɗin: ƙarfin jawo abu kusa na milimita 100 ya yi kaɗan ga ƙwaro mai tsoro. Maganinsa sammako. Sanyin safiya yana hana shi tashi sai jikinsa ya ɗumama, lokacin ne ake samunsa a zaune. A kula kada inuwar mutum ta faɗa kansa.

Abin da ya fi ɓata wa sababbin hannu hoto shi ne ƙarancin wurin da ke fitowa tar. A mafi kusancin saiti, ko a f/8 (ma'aunin buɗewar ƙofar haske; lamba na ƙaruwa, ƙofar na tsukewa), bai fi milimita 1 ba. Shi ya sa ake ganin ido ya fito, fiffike ya dushe. A ja baya zuwa rabin mita, a sa f/8 ko f/11, sannan a daidaita kyamara ta fuskanci shimfiɗar fiffiken sosai, ba a karkace ba. Wuce f/16 yana rage kaifin hoto.

Na'urar hana rawar hannu da ke cikinsa tana da kyau ƙwarai, domin tana gyara karkacewa da kuma gocewar hannu gefe. Amma ƙarfinta yana raguwa idan an matso sosai, kuma ba ta tsayar da furen da iska ke kaɗawa. Idan akwai iska, kada saurin ɗauka ya gaza 1/500 na daƙiƙa, ko da za a ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) zuwa 800.

Saitin kansa yana da sauri, ba ya ƙara, amma cikin ciyayi yakan ruɗe ya kama abin da ke baya. Akwai maɓalli a gefe mai taƙaita masa tazara: 0.3 zuwa 0.5 na mita don furanni, 0.5 zuwa nesa don malam-buɗe-littafi.

Zoben ɗora shi a kan ƙafa uku daban ake saye, abin da bai kamata ba ga lens mai tsada haka. Wanda furanni da ƙananan ƙwari ne burinsa ya saya ba fargaba. Wanda ke bin malam-buɗe-littafi daga kan hanyar da gandu ya ware, ba tare da taka ciyayi ba, gara ya nemi lens mai milimita 180.