Wasiƙa daga Jamus: babur na hannu da doguwar tafiya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na san ba da wasa ka yi tambayar ba: yaya za a yi in sayi babur na hannu, wanda ban san wuyar da ya sha ba, in ɗora masa kaya in nufi tsaunukan Alps har Italiya? Fargabar da kake yi ni ma ina yin ta. Sai dai tun da na fara yawon duba babura a nan na lura cewa abin da ke kashe babur a Jamus daban yake da wanda ka saba gani a hannunka, shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana maka.

A gida aiki ne ke cinye babur: ƙura, zafi, lodi, ramuka, da baƙin man da ba a juye a kan kari ba. A nan kuwa zama ne ke cinye shi. Yawancin masu manyan babura don shaƙatawa suke ajiye su, da sanyi ya kawo jiki sai a lulluɓe su a gareji. Har lamba ta musamman hukuma ke bayarwa saboda haka. Za ka ga a gefen lambar an rubuta 03 a sama, 10 a ƙasa, wato daga Maris zuwa Oktoba kaɗai babur ɗin ke da izinin hawa titi, inshora da haraji ma na waɗannan watannin ake biya. Wata huɗu ke nan yana tsaye a kowace shekara, wani ma sai ya shekara biyu ba a tada shi ba. Shi ya sa za ka tarar da babur mai shekara ashirin, fenti na ƙyalli, mita na nuna kilomita 15,000, mai shi na tinƙaho da hakan. Duk wanda ya taso a gida, nan take ransa zai biya.

Na je ganin irin wannan a wurin wani dattijo mai kirki. Ya yaye mayafin, wallahi kamar yau aka fito da shi daga kwali. Na durƙusa a gindin tayar baya ina neman rubutun nan na DOT, domin lambobi huɗu na ƙarshensa su ke faɗin ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na ga 2309, mako na 23 a shekarar 2009. Zanen tayar bai ci ba ko kaɗan, ya wuce milimita 1.6 da dokar nan ta gindaya nesa ba kusa ba, amma da na danna ta da farce sai na ji robar ta ƙandare, ga ƙananan tsaga a cikin kwarin zanen. Irin wannan taya ba za ta kama kwalta ba in ka kwanta a kwana ana ruwa. Na buɗe tanki na haska da fitilar waya, ga jan tsatsa kwance a ƙasa, fetur ɗin ya canja wari. Fetur ɗin nan ana gauraya shi da etanol, har kashi 5 ko kashi 10 cikin ɗari, shi ne E5 da E10 da ake rubutawa a jikin famfo. Etanol yana jan ruwa, kuma in mai ya daɗe a kafireta sai ya yi danƙo ya toshe ƙananan ramukanta. Dattijon bai ɓoye mini komai ba. Shi a ganinsa rashin hawa shi ne kulawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne man birki. Mu a gida, muddin birki na kamawa, ba mai waiwayar man. Amma man birki yana shan ruwa daga iska sannu a hankali, ko ana hawa ko ba a hawa. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 155. A kan shimfiɗaɗɗen titi ba za ka taɓa sanin bambancin ba. To amma ka ɗauki hanyar Stelvio a arewacin Italiya, wadda ke hawa har mita 2,757, mai lanƙwasa 48 a ɓangarenta na arewa, kowace kamar za ka juyo inda ka fito. Kana gangarowa da kaya, kana matsa birki ba hutu, ƙarfe ya yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, sai ka ja hannun birki ya taho har jikin kan babur babu komai. Don haka ake cewa a juye shi duk shekara biyu, kuma wannan aiki ba zan ɗaga shi ba ko da kwana ɗaya.

Za ka ce ai akwai binciken hukuma. Akwai, kuma na yaba da shi ƙwarai. Duk shekara biyu dole babur ya je wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA, su duba birki, fitilu, tayu, boris ɗin wuya, firam da hayaƙin salansa, sannan su manna ɗan tambari a jikin lamba mai nuna wata da shekarar dawowa. Da muna da irinsa a gida da an tsira da rayuka masu yawa. Amma tambarin cewa yake yi babur ɗin ba shi da haɗari a ranar da aka duba shi. Ba su buɗe injin, ba su auna bawul, ba ruwansu da ko batir na samun caji. Mutane da yawa suna ganin sabon tambari sai su saki jiki.

Takardar da ta fi tambarin amfani a wurina ita ce littafin sabis. A nan in gareji ya yi aiki sai ya buga hatimi, ya rubuta rana da kilomita, ya ba da rasit mai ɗauke da duk abin da aka canja. Wasu masu babur za su miƙo maka fayil guda, ka zauna ka karanta rayuwar injin tun daga farko. Mu ƙwaƙwalwar bakanike ce littafinmu, in ya tashi daga unguwa tarihin ya tafi da shi. Sannan akwai bambanci tsakanin saye a hannun mutum da saye a hannun dila. Mutum yakan rubuta a yarjejeniya cewa ba ruwansa da duk aibin da ya ɓullo daga baya, kuma doka ta yarda, sai fa in ya san da aibin ya ɓoye. Dila kuwa dole ya ɗauki alhakin aibin da babur ya zo da shi, aƙalla na shekara ɗaya. Kayansa sun fi tsada, dalilin ke nan.

Inda gida ya yi wa nan fintinƙau, Yaya, shi ne gyara. Babu bakanike a bakin hanya, babu mai faci a ƙarƙashin bishiya. Gareji sai da alƙawari, kuma da bazara, lokacin da kowa ke fito da babur ɗinsa, kana iya jiran makonni. Ranar Lahadi a rufe suke ruf, Asabar ma da yawa rabin yini suke yi. A Italiya kuwa, a tsakiyar Agusta, wajen hutun ranar 15, shaguna da dama sukan kulle su tafi hutu. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, saboda haka ba su cika gyara abu ba, cirewa suke su sa sabo. Abin da za ka kwance ka wanke ka naɗe ka mayar cikin rabin yini, a nan oda za a yi a jira. Kayan dai na asali ne, ba ka fargabar jabu, kuma ko na babur ɗin shekarun 1990 galibi ana samu. Amma samu bayan kwanaki bai amfani wanda ke tsaye a kan dutse da yamma.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne ƙungiyar ADAC, masu motocin nan rawaya. A 1903 aka kafa ta, kuma asalinta ma ƙungiyar masu babura ce. In kana biyan kuɗin shekara, ka buga waya su zo, in sun iya su gyara a wurin, in ba su iya ba su ɗauke ka zuwa gareji. Sai dai ƙaramin rajista na cikin Jamus ne, wanda zai tsallaka iyaka sai ya yi babba. Na riga na yi.

Duk wannan ya sa na daina tambayar wane babur ne ba ya lalacewa, na koma tambayar wanne ne in ya lalace zan iya da shi ni kaɗai. Da farko Honda Transalp na so, wanda aka fara yi tun 1987, saboda tsofaffinsa na kafireta ne kuma kai ka koya mini kafireta. Amma tayunsa masu tif ne, in ƙusa ta shige sai ka cire ƙafa gaba ɗaya a gefen titi. Suzuki V-Strom 650, wanda ya fito a 2004, tayunsa ba tif, ka cusa roba a ramin ka buga iska ka wuce. Na injekta ne, ba abin da zan iya yi masa da sukundireba, amma shi ke daidaita mai da kansa in iska ta yi ƙaranci a saman dutse, inda kafireta ke fara shaƙewa. Manyan BMW masu shaf maimakon sarƙa suna hutar da mutum daga shafa mai, sai dai in shaf ya samu matsala ba aikin bakin hanya ba ne, ita kuwa sarƙa tana ba da sanarwa tun kafin ta tsinke. Tun daga 2016 dokar Turai ta fara wajabta birkin ABS, mai hana taya ƙamewa in an matsa birki da ƙarfi, a sababbin babura da suka haura cc 125, amma tsofaffi sai ka tambaya.

V-Strom na tsayar, mai kilomita wajen 60,000, ninki huɗu na na dattijon. Mai shi duk shekara yana tafiya da shi, kuma fayil ɗinsa ya nuna an auna bawul a kan ƙa'idar kamfani, duk kilomita 24,000. Na roƙe shi kada ya tada shi kafin in iso, na kuma taɓa injin da hannu na ji shi da sanyi, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Bugu ɗaya ya tashi. Na sa mita a kan batir: 12.6 a kashe, da na ja wuta ya hau 14 ya tsaya cak. Wannan awon na minti biyu ne, amma shi ke tona asirin rektifaya da koyil masu ba batir caji, waɗanda ke mutuwa ba sallama su bar mutum da mataccen batir, ga babur ɗin ba shi da kik. Na karɓi makulli biyu da takardun rajista duka biyu.

Yanzu ina jiran ranar da gareji ya ba ni. Za a sa sababbin tayu, a juye man birki da ruwan lagireto, a canja sarƙa da haƙoranta gaba da baya a tare. Baƙin mai da fulogi ni zan yi da hannuna. Bayan haka zan ɗora masa kayan tafiyar duka in zaga tuddan da ke kusa da mu, in ga yadda shakazoba ke ɗaukar nauyin kafin in tsallaka Ostiriya. Ka gaishe mini da Umma, ka ce mata sai dusar ƙanƙara ta narke an buɗe hanyoyin dutse zan tashi, kuma hular kwanon da na saya sabuwa ce, ba ta hannu ba.